Wa Ya Fito Da Matan Nan Waje? Darasi Daga Kaduna Zuwa Uhudu



'Yan uwa, akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a majalisunmu, har da kan mumbari: wai mata sun cika titi, sun cika kasuwa, sun cika ƙofar masallaci, kunya ta ƙare. Duk wanda ya bi ta Kawo ko Tudun Wada ko Rigasa da sassafe ya san lallai akwai abin da ake gani. Ga masu kaskon awara, ga masu buhun robobi a ka, ga masu sauri su kama Keke Napep zuwa gidajen da suke aikatau a Malali da Unguwar Rimi. To amma kafin a yanke musu hukunci akwai tambayar da ya kamata a fara yi, wadda ba mu cika yin ta ba: me ya fito da su? Bahaushe ya ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Wasu tsadar rayuwa ce, wasu saki ne, wasu kuma mazansu na nan da rai amma sun yi watsi da nauyin da Allah Ya ɗora musu. Amma akwai kaso babba da yaƙi da rikici suka fito da su, kuma a kansu darasinmu na yau yake. Abin da nake so mu fahimta shi ne, duk lokacin da aka yi yaƙi namiji ne ke tafiya, amma cefane da kuɗin haya da kuɗin magani ba sa bin sa, a gida suke zama, kuma kan mace suke faɗawa. Hakan ya faru a garin nan, ya faru a Turai, ya faru a Madina zamanin Annabi (SAW). Inda al'ummu suka bambanta shi ne abin da suka yi wa macen bayan kayan ya hau kanta.

KADUNA DA BARIKI TA TASHI

Kadunar da muka sani, wadda Turawa suka mayar hedikwatar Arewa a 1917 bayan sun taso daga Zungeru, da bariki ta tashi. Har gobe a wannan ɓangaren namu na arewacin kogi ake da hedikwatar Runduna ta Ɗaya ta sojan ƙasa, da makarantar horar da hafsoshi ta NDA da aka buɗe a 1964, da sansanin sojan sama, da Asibitin 44 inda ake kawo sojojin da suka ji rauni a fagen daga. Garin da ke cike da soja kuwa cike yake da matan soja, da uwayen soja, da marayun soja.

A Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, Ingila ta ɗebi dubban samari daga ƙasar nan, da yawansu 'yan Arewa, har ma Hausa ce harshen da ake magana da shi a cikin rundunar. Sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha, daga baya aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya da Bama don yaƙar Japan. Wasu sai a 1946 suka ga gida, wasu kuma can aka binne su. A daidai wannan lokacin, tsakanin 1942 da 1944, aka riƙa kwasar maza daga ƙauyuka ana kai su aikin tilas na haƙar kuza a Jos, abin da mutanenmu suka kira diban gwamna. Ka ɗauka magidanci ya tafi shekara 3, ko an ɗauke shi ana tsakiyar damina. Wa ya riƙe gidan? Kakanninmu mata ne, da man gyaɗa da ƙuliƙuli da kaɗi da fura da surfe, wasu daga cikin kulle ta hannun yara masu talla, wasu kuma dole ta sa suka shiga gona. Ba a ba su lambar yabo ba, amma da guminsu aka raini iyayenmu.

Sai Yaƙin Basasa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. Kafin yaƙin sojan Najeriya ba su fi kimanin 10,000 ba, amma kafin a gama sun kai wajen 250,000. Kowane ɗaya daga cikinsu ɗan wata ne ko mijin wata. A barikoki matan soja suka riƙe kansu da sayar da abinci da kunu da kayan miya, irin kasuwar nan da ake kira kasuwar mami, wadda sunanta ya samo asali daga Mammy Ochefu, matar wani soja da ta fara sayar da kunu a barikin Inugu a 1959. A can ɓangaren Biyafara kuwa, da yunwa ta yi tsanani, mata ne ke ratsa daji su tsallaka fagen daga su sayo gishiri da abinci su komo, kasuwancin da Inyamurai suka kira "afiya atak". Namiji in ya fita kama shi za a yi a sa shi soja ko a harbe shi, shi ya sa fitar ta koma kan mace.

Bayan yaƙin abubuwa ba su koma yadda suke ba. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima don ɗinke ɓarakar da yaƙi ya bari, kuma daga nan 'ya mace da ta gama jami'a ta fara tafiya wata jiha aiki na shekara guda. A 2011 NDA ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshi na dindindin. Cikin waɗanda suka biyo baya akwai Tolulope Arotile, haifaffiyar Kaduna, wadda a 2019 ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a ƙasar nan, ta yi aiki a yaƙi da 'yan bindiga, ta rasu a hatsarin mota a sansanin sojan sama na Kaduna a Yulin 2020. Ko mutum ya yarda da shigar mace soja ko bai yarda ba, ya dai ga inda yaƙi ya kai al'amarin.

YAƘIN DA BA A SA MASA SUNAN YAƘI BA

Wanda ya fi taɓa unguwanninmu kai tsaye shi ne wanda ake kira rikici. Na Fabrairu da Mayun 2000, da na Nuwamban 2002, su suka raba garin nan gida biyu, Musulmi suka tattaro arewacin kogi, Kiristoci suka koma kudu. Sai na bayan zaɓen Afrilun 2011. A Zonkwa da Matsirga da Kafanchan an kashe ɗaruruwan Musulmi, mafi yawansu maza, a Zariya da wasu garuruwan arewa kuma an kashe Kiristoci an ƙona majami'u. Waɗanda suka tsira daga kudancin jihar aka kawo su sansanin alhazai na Mando, kuma duk wanda ya leƙa wurin a lokacin ya san mata da yara ne suka fi yawa. Matar da jiya take ɗakinta, mijinta na da shago da gona, yau ta wayi gari tana takaba a kan tabarma cikin jama'a, da 'ya'ya 6 suna kallon hannunta. Wasu sun shekara da shekaru a sansanin kafin su watsu cikin gari.

Ba a gama da wannan ba sai ga 'yan bindiga. Daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Igabi da Chikun mutane suka yi ta kwararowa, suna raɓawa a kangaye da shaguna da ɗakunan 'yan uwa a Rigasa da Mando da Hayin Banki. Wannan yaƙin ma maza ya fi ci: a kashe manomi a gonarsa, a kashe ɗan sa-kai, a sace magidanci. In an sace shi, matar ce ke sayar da ɗan kunnenta da keken ɗinkinta da gonar gadonta don a haɗa kuɗin fansa. In Allah Ya sa ya dawo, sau da yawa ya dawo ba lafiya ba jari, ciyarwar dai tana kanta. A tsallaken kogi ma haka abin yake, akwai matan Kiristoci daga Kajuru da Kauru da Zangon Kataf da ke ɗauke da irin wannan kayan. Maraici ba ya tambayar addini.

Kuma abin bai tsaya kan uwa ba. Yarinyar da take aji 2 na sakandare ita ake cirewa a kai ta aikatau ko a ɗora mata tire. Daga nan ne ɓarna ke samun ƙofa. Mun ga yadda Boko Haram suka riƙa ɗaura wa ƙananan 'yan mata bam tun daga 2014, mun kuma ga 'yan sanda na gabatar da matan da aka kama suna kai wa 'yan bindiga abinci da fetur da harsasai. Wannan laifi ne babba, talauci ba ya wanke mai yin sa. Amma al'ummar da ta bar mace da yunwa ta sani akwai mai jiran ya saye ta.

YADDA WASU SUKA YI

A Ingila, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da maza suka tafi fagen daga sai aka kira mata suka cika masana'antun harsashi da gonaki da motocin haya. A 1918 aka ba matan da suka kai shekara 30 damar jefa ƙuri'a, bisa wasu sharuɗɗa. A Disambar 1941 har doka aka yi ta tilasta wa 'yan mata marasa aure, masu shekara 20 zuwa 30, shiga aikin yaƙi. Amurka ma miliyoyin mata ne suka shiga masana'antun jirage da makamai. Da aka gama yaƙi a 1945 sojoji suka dawo, sai aka sallami da yawa daga cikinsu don a ba maza gurbin. Ka ga ke nan buƙatar gwamnati ce ta fito da su, ita ce kuma ta kore su, ko da yake ƙofar da aka buɗe ba ta sake rufuwa gaba ɗaya ba.

A Ruwanda, bayan kisan kiyashin 1994, an wayi gari mata ne suka fi yawa cikin waɗanda suka rage, ga shi al'adarsu ba ta ba mace gadon gona. Dangin miji na iya korar matar mamaci daga filin da take nomawa. Sai a 1999 suka yi dokar da ta ba mata haƙƙin gado. Riƙe wannan misalin da kyau, domin irin matsalar ce ta taso a Madina sama da shekara 1,400 da suka wuce.

MADINA BAYAN UHUDU

A Shawwal na shekara ta 3 bayan hijira aka yi yaƙin Uhudu, Musulmi 70 suka yi shahada. A ƙaramin gari kamar Madina ta wancan lokacin, wannan ba ƙaramin gibi ba ne. Mu duba abubuwa huɗu.

Na ɗaya, mata sun yi aiki a fagen daga da sanin Annabi (SAW). Anas (RA) ya ga Nana A'isha da Ummu Sulaim (RA) ranar Uhudu suna jigilar salkunan ruwa a bayansu suna shayar da masu rauni. Nusaiba 'yar Ka'ab, wato Ummu Ammara, da ruwa ta fita, amma da aka watse aka bar Annabi (SAW) sai ta ɗauki makami ta kare shi har aka sare ta a kafaɗa. Ummu Aɗiyya ta ce yaƙi 7 ta halarta, tana tsaron kaya, tana dafa abinci, tana jinyar masu rauni. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5, da kibiya ta sami Sa'ad ɗan Mu'azu, shugaban Ausu, a tantin Rufaida Al-Aslamiyya da ke cikin masallaci aka kwantar da shi, domin ita ce ta san aikin jinya. Ibn Abbas (RA) ya kuma bayyana cewa matan da suka yi irin wannan hidimar ana ba su wani abu daga ganima. Wato ba a ci guminsu ba.

Na biyu, an tsare musu dukiya. Matar Sa'ad ɗan Rabi'u, wanda ya yi shahada a Uhudu, ta zo wa Annabi (SAW) da 'ya'yanta mata biyu, ta ce baffansu ya kwashe dukiyar ubansu bai bar musu komai ba. A al'adar Jahiliyya bai yi laifi ba, don a wurinsu wanda ke hawa doki ya riƙe takobi shi ke cin gado. Sai Allah Ya saukar da ayoyin gado na Suratun Nisa'i, Annabi (SAW) ya umarci baffan ya ba 'yan matan kashi biyu cikin uku, ya ba uwarsu tumuni, shi kuma ya ɗauki saura. Dubi wannan da kyau, ɗan uwa: ƙarar da matar shahidi ta kai ita ce sanadin hukuncin da ake raba gado da shi har tashin ƙiyama. A surar ne kuma aka yi wa mai cin dukiyar maraya alkawarin wuta, aka hana gadon mace kamar kaya. Hatta aya ta 3, wadda maza suka fi haddacewa saboda maganar mata huɗu, da zancen adalci ga marayu ta fara.

Na uku, ba a bar su su kaɗai ba. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8, Annabi (SAW) da kansa ya je gidan, ya rungumi yaran, ya sa a dafa wa iyalan abinci. Matarsa Asma'u 'yar Umais daga baya Sayyidina Abubakar ya aure ta, bayansa kuma Sayyidina Ali, kowanne ya karɓe ta da 'ya'yanta. Ummu Salama, wadda mijinta ya rasu sakamakon raunin Uhudu, Annabi (SAW) ne ya aure ta da marayunta. Jabir ɗan Abdullahi kuwa, yana saurayi, bazawara ya aura don ta taya shi riƙon ƙannensa mata da mahaifinsu ya bari a Uhudu. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri shi ma ya yi yaƙin, kuma mai ɗawainiya da matar da mijinta ya mutu da miskini darajarsa kamar ta mai jihadi ce.

Na huɗu, hukuma ta ɗauki nauyi. Bukhari ya kawo labarin wata matashiya, 'yar Khufafu Al-Gifari, da ta tare Sayyidina Umar a kasuwa ta ce mijinta ya mutu ya bar ta da ƙananan yara, ba gona ba dabba. Umar bai tambaye ta me ya kawo ta kasuwa ba. Raƙumi ƙaƙƙarfa ya kamo, ya ɗora masa buhu biyu na abinci, ya sa kuɗi da tufafi a tsakani, ya miƙa mata akala.

NANA ASMA'U DA 'YAN TARU

A ƙasarmu ma akwai abin koyi. Daga hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804, an shafe shekaru ana yaƙe-yaƙe. A Tsuntsuwa kaɗai an rasa ɗimbin malamai da mahaddata. Yaƙin ya bar zawarawa da marayu da matan da aka kamo aka raba su da garuruwansu, da yawansu ba su san ko hukuncin tsarki ba. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga wannan duka tun tana yarinya. Abin da ta yi shi ne ta kafa tsarin 'Yan Taru: ta zaɓi dattawan mata amintattu daga ƙauyuka, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa, su zo wurinta su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su koyar da 'yan uwansu. Ba ta tsaya jiran maza su gama yaƙi su zo su karantar da matan ba, mata ta horar suka yi aikin, cikin sutura da mutunci. Shehu da kansa ya riga ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna karantar da na waje.

MAS'ALOLI UKU DA AKE YAWAN KUSKURE

1. Fitar mai takaba. Iddar mutuwa wata 4 da kwana 10 ce, mai ciki kuma sai ta haihu. A mazhabarmu ta Malikiyya mai takaba tana iya fita da rana don buƙatarta, ta dawo ta kwana a ɗakinta, tare da nisantar ado da turare. A Sahihu Muslim, gwaggon Jabir ta wajen uwa tana cikin iddar saki ta fita za ta yanki dabinonta, wani ya tsawatar mata, da ta kai maganar wurin Annabi (SAW) sai ya ba ta izini. Saboda haka matar da ba ta da mai ciyar da ita, in ta fita wurin aikinta ko sana'arta tana takaba, ba ta yi saɓo ba. Mai son ta zauna, to ya kawo mata buhun masara.

2. Ciyar da marayu. Asalin nauyin daga dukiyarsu ne in uba ya bari, in babu kuma ya koma kan dangi masu hali da baitulmali da sauran Musulmi. Uwar da ke tuya tana ciyar da su tana da lada ninki biyu, na zumunci da na sadaka, kamar yadda aka faɗa wa Zainab matar Ibn Mas'ud, wadda ke sana'ar hannu tana ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta. Amma ladanta bai sauke nauyi daga kan baffan da ya riƙe gona ya ce wai sai yara sun girma ba.

3. Matar ɓatacce. Wannan ta yi yawa yanzu: an sace miji shekara 3 ba labari, ko soja ne ya tafi Barno aka daina jin ɗuriyarsa. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya tana da rajistar sama da mutum 20,000 da suka ɓata a Najeriya, akasari a Arewa maso Gabas. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa hukuncin Sayyidina Umar cewa matar ɓatacce za ta jira shekara 4, sannan ta yi iddar mutuwa. Malamanmu sun ce lissafin yana farawa ne bayan ta kai ƙara alƙali ya yi bincike, kuma wannan jiran in akwai dukiyar mijin da ake ciyar da ita ne. In babu, tana da haƙƙin neman a raba auren saboda rashin ciyarwa. Sun kuma bambanta hukuncin wanda ya ɓata a tafiya, da wanda ke tsare a hannun maƙiya, da wanda ya ɓata a tsakiyar faɗa. Don haka magana ce ta alƙali a kotun shari'ar Musulunci. Kada mace ta yanke wa kanta hukunci, kada kuma dangin miji su ɗaure ta shekara 10 ba aure ba saki ba abinci.

ABIN DA YA RAGE MANA

Kwamitin kowane masallaci ya san adadin zawarawan mamata da marayun da ke layinsa, da suna da gida. Abin kunya ne mu san kuɗin tayil ɗin da za a sa wa masallaci amma ba mu san gida nawa ne ba a ɗora tukunya ba a bayansa.

A raba gado da wuri, a ba mace tumuninta, a ba 'ya mace rabonta na gida da gona, a rubuta, a sa shaidu.

Masu zakka, maimakon a tara mata 500 a rana a bi su da 'yan canji ana ɗaukar hoto, a zaɓi kaɗan a tsayar da su da ƙafafunsu. Malaman Malikiyya sun halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara, na Shafi'iyya kuma sun ce mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa. Keken ɗinki, injin markaɗe, firji, kuɗin hayar shekara, wannan shi ne taimako.

A bar 'yan mata su yi karatu. Muna ƙorafin namiji na duba matanmu a Barau Dikko da Yusuf Ɗantsoho da asibitin Kawo, to wa zai duba su in mun cire 'ya'yanmu daga makaranta? Aikin likita da jinya da ungozoma da koyarwa farilla ce ta kifaya a kan al'umma, kuma Rufaida ba ranar Khandaƙ ta fara koyon ɗaure rauni ba. Macen da ke da ilimi ko sana'a tun mijinta na da rai, in ta Allah ta kasance, ba ta faɗawa hannun kowa.

Masu ɗaukar 'yan aiki, ku ji tsoron Allah. A biya su a kan lokaci, kada a haɗa yarinya da samarin gida a ce ai 'yar aiki ce. Kai kuma mai riƙe da jerin sunayen tallafi, ko mai gidan haya, ko mai shago, da kake ce wa matar mamaci ta same ka da daddare, ka sani a Sahihu Muslim an kwatanta alfarmar matan mayaƙa a kan waɗanda suka zauna a gida da alfarmar uwayensu, kuma wanda ya ci amanar mayaƙi a kan iyalinsa za a tsayar da shi ranar ƙiyama a ce mayaƙin ya ɗebi abin da ya so daga ladansa.

Masu neman ƙarin aure, ku tuna da masu marayu. Sunnar ba ta tsaya kan 'yar shekara 18 ba.

Ke kuma 'yar uwa da dole ta fito da ke, ba ki da abin jin kunya a neman halal. Ki riƙe hijabinki, ki guji keɓewa da namijin da ba muharraminki ba, ki guji bashin ruwa, ki shiga adashi da mata amintattu, ki nemi haƙƙinki na gado ta hanyar shari'a kamar yadda matar Sa'ad ta nema. Kuma duk tsanani, ki yi iya ƙoƙarinki kada tire ya raba 'yarki da allo da aji.

Mai cewa mata su koma gida, in da gaske yake, ga hanya nan: ya riƙe gida ɗaya na marayu, ya biya haya, ya kai abinci. Wanda ba zai iya ba, to aƙalla ya kame bakinsa daga mutuncinsu. Ba wanda ya san matar wa za ta yi takaba gobe.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun 'yan bindiga, Ya bayyana waɗanda suka ɓata, Ya rufa wa zawarawa da marayu asiri, Ya zaunar da Kaduna da ƙasarmu lafiya.

Wallahu a'alam.